Borin Jini Mai Tsanani Bayan Allurar Narkar Da Gudan Jini

Darasinmu na yau a kan wata allura ce mai ceton rai, wadda kuma take buƙatar a yi hattara da ita.

Mece ce wannan allura?
Idan gudan jini ya toshe jijiyar da ke ciyar da zuciya, likita kan ba da maganin narkar da shi ta ƙarin ruwa. Ɗaya daga ciki shi ne streptokinase, wanda Dokta William Tillett ya gano a Amurka a 1933. Daga ƙwayar cutar da ke kawo ciwon maƙogwaro ake samo shi, shi ya sa jikin wasu ke ɗaukarsa tamkar maƙiyi. Haɗarin ya fi yawa ga wanda aka taɓa yi wa ita, ko wanda bai daɗe da warkewa daga irin wannan ciwon maƙogwaron ba.

Alamomin haɗari
1. Ƙaiƙayi da ɓullar ƙuraje a jiki nan take.
2. Kumburin leɓe, harshe ko fuska.
3. Shaƙewar murya da numfashi da ƙyar.
4. Jiri, sanyin jiki ko suma.

Da zarar kun ga ɗaya, ku kira ma'aikaciyar jinya. Za a tsayar da ruwan, a yi allurar adrenaline a cinya. Mai ciki a kwantar da ita ta gefen hagu. Kada a ɗaga majinyaci tsaye, kada a ɗura masa jiƙo.

Ga mai juna biyu
Ciki da jego kan ƙara daskarewar jini. Idan ƙafarki ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya sarƙe miki kwatsam, ki garzaya asibiti. Galibi heparin ake ba ki, domin streptokinase na iya jawo zubar jini. Sai rai na cikin haɗari ake amfani da shi.

'Yar'uwa, ranar awo ki faɗa mana duk maganin da ya taɓa tayar miki da borin jini, ko fenisilin ne ko allurar ƙarin jini, mu rubuta a katinki. Mutanenmu na Sharabi, Bagudo da Tsamiya masu zuwa magani Jamhuriyar Benin, ku zo da takardunku ko da Faransanci aka rubuta su.

Allah Ya sauke ku lafiya, amin.