Mu San Kalmominmu: Boko

Yau za mu duba kalmar boko. Mutane da yawa suna tsammani daga kalmar Turanci mai nufin littafi ta fito. Ba haka ba ne. A 2013 masanin Hausa Paul Newman ya nuna kalmarmu ce tun asali, ma'anarta kuwa yaudara ko abin ƙarya.

Ga misali. A bikin aure na dā akan lulluɓe wata yarinya a hau da ita doki ana guɗa, alhali amaryar tana wani wuri. Wannan ita ce amaryar boko. Haka biri-boko, wato abu mai cika ido, ciki fanko. Ƙamus na Bargery na 1934 ya sa algus cikin ma'anoninta.

Da Turawa suka kawo makarantunsu, kamar wadda Ɗan Hausa ya buɗe a Kano a 1909, iyayenmu ba su yarda da karatun ba, sai suka kira shi boko. Sunan ya bi shi.

Amma mu lura. Yaron da ya yi karatun nan shi ke karanta mana takardar maganin dabbobi, ya gaya mana in kwanansa ya ƙare. Kada suna ya hana mu sa yara makaranta. Bokon da za mu guje wa yana kasuwa: tsakuwa cikin buhun dawa, ruwa cikin nono.