TAMBAYAR DA TA FITO DAGA KURKUKU

Karatu: Matiyu 11:2-11, Luka 7:18-28

Yohanna Mai Baftisma ba sabon tuba ba ne sa'ad da shakka ta same shi. Shi ne ya yi wa Yesu baftisma a Kogin Urdun, shi ne kuma ya nuna shi ga jama'a. Amma da ya tsauta wa Hirudus Antibas saboda ya auri Hirudiya, matar ɗan'uwansa, sai aka kulle shi. Masanin tarihin Yahudawa, Yosifus, ya ce a kagarar Makerus aka tsare shi, gabas da Tekun Gishiri. Daga can ne ya aiki almajiransa biyu su tambayi Yesu ko lalle shi ne Almasihun alkawari, ko kuwa akwai wani a gaba.

Waɗansu malaman ikkilisiya na dā, irin su Kirisostom, sun ce domin almajiransa ya yi tambayar, ba domin kansa ba. Wannan fassara tana kāre mutuncin Yohanna, amma da wuya ta tsaya, gama ga Yohanna kansa Yesu ya mai da amsa. Mutumin ya yi wa'azin hukunci mai zuwa nan kusa. Ga shi yanzu a ɗaure, azzalumi kuwa yana kan gadon sarauta yana biki. Abin da ya gaskata da abin da idonsa yake gani sun yi hannun riga.

Yesu bai tsauta masa ba. Ya sa manzannin su faɗi abin da suka gani: warkar da makafi, guragu, kutare da kurame, tashin matattu, da bishara ga matalauta. Yawancin waɗannan alamu daga Ishaya 35 da 61 suke, Yohanna kuwa ya san su sarai. Sai dai Ishaya 61 ya yi maganar sakin ɗaurarru, Yesu kuwa bai ambaci wannan ba. An ba Yohanna shaida, ba a buɗe masa ƙofa ba. Bayan tafiyar manzannin ne Yesu ya yabe shi a gaban taro, yabon da bai yi wa wani annabi ba.

Iyalai da yawa a Nijeriya sun san irin wannan tambaya. A Afrilu 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, yawancinsu daga gidajen Kirista. A 2024, bayan shekara 10, akwai iyayen da ba su ga 'ya'yansu ba. Uwar da ta yi azumi da addu'a duk waɗannan shekaru, in ta tambaya ko Allah yana ji, ba ta yi ridda ba. Abin baƙin ciki, sau da yawa amsar da takan samu ita ce ta yi shiru kada ta yi saɓo. Haka ma akan yi wa yaro a sujadar iyali. Tambayar kuwa ba ta mutuwa don an hana ta fita. Takan koma ciki, ko ta nemi wani gida. Yohanna bai kai tasa ga Hirudus ko ga masu duba ba, ga Yesu ya aika da ita, a fili, ta bakin shaidu biyu.

Bai fita daga kurkukun ba. An fille kansa a ranar bikin haihuwar Hirudus. Almajiransa suka ɗauki gawar suka binne, sa'an nan suka tafi suka faɗa wa Yesu (Matiyu 14:12).