Darasin Kiwon Lafiya: Ƙibar Ciki Ga Matan Da Suka Manyanta

A garuruwa da ƙauyuka da yawa, idan mace ta yi ƙiba sai a ce ta samu hutu, maigida yana kula da ita. Wasu matan har ƙwayoyi suke sha don su yi jiki. Amma ƙiba iri-iri ce. Ƙibar da ta taru a ciki, wadda ake kira teɓa, sau da yawa tana tafe da ciwo a ɓoye. Wannan darasi ya fi shafar matan da suka ba shekara 40 baya.

Abin da ke faruwa a jiki

Yawancin mata haila tana ɗauke musu ne tsakanin shekara 45 da 55. A wannan lokaci wani sinadari na jikin mace mai suna istirojin yana raguwa. Idan ya ragu, kitsen da a da yake taruwa a cinyoyi da mazaunai sai ya koma ciki.

A wannan lokaci ne kuma aiki yake raguwa. 'Ya'ya sun girma, surukai sun karɓi girki da ɗebo ruwa, inji ya maye gurbin turmi. Uwargida ta koma zama, amma abincin da take ci bai ragu ba.

Jiki yana da wani sinadari mai suna insulin. Aikinsa shi ne shigar da sukarin da ke cikin jini zuwa tsoka don a samu ƙarfi. Kitsen ciki yana hana insulin yin aikinsa sosai, sai sukari ya taru a jini. A shekarar 1988 wani likita ɗan Amurka, Gerald Reaven, ya yi bayanin cewa wannan matsala tana haɗa hawan sukari da hawan jini da yawan maiƙo a jikin mutum ɗaya.

Alamomi biyar

Likitoci suna duba abubuwa biyar:

1. Faɗin ciki. Ga mace, haɗari yana farawa daga santimita 80, yana ƙaruwa idan ya wuce 88, wato inci 35 a tef ɗin tela.
2. Hawan jini, idan awo ya kai 130 bisa 85.
3. Sukarin jini, idan ya kai 100 a awon safe kafin a karya kumallo. A wasu na'urori ana rubuta shi 5.6.
4. Yawan maiƙo a cikin jini.
5. Ƙarancin maiƙo mai amfani, wanda yake taimakawa wajen share hanyoyin jini.

Duk macen da aka samu da uku daga cikin biyar ɗin nan, tana cikin haɗarin kamuwa da ciwon suga, ciwon zuciya, ciwon ƙoda da shanyewar ɓarin jiki. Waɗannan alamomi ba sa sa zazzaɓi. Mace tana iya shekaru da su ba ta sani ba. Ranar da ta faɗi, sai a ce iska ce ko sammu, alhali hawan jini ne da ba a auna ba.

Haɗarin ya fi yawa ga wadda iyayenta ko 'yan'uwanta suke da ciwon suga, da wadda ta taɓa samun hawan jini ko suga lokacin da take da juna biyu.

Awon igiya

Akwai awon da za a iya yi a gida ba tare da kashe ko kwabo ba. A samu igiya, a auna tsawon mace daga kai zuwa ƙafa, a yanke. Sai a ninka igiyar gida biyu, a zagaya cikinta da ita wajen cibiya. Idan bakin igiyar biyu sun haɗu da sauƙi, madalla. Idan ba su haɗu ba, cikin ya wuce rabin tsawonta, lokaci ya yi da za ta je a auna jininta.

Gyaran tukunya

Abincin da ke kare jiki yana nan a gona da bayan gida. Gero, dawa, acca da wake sun fi burodi da farar shinkafa riƙe ciki, kuma ba sa ɗaga sukari da sauri kamar su. Kada a surfe hatsi fiye da kima, domin dusar tana da amfani.

A rage malmalar tuwo, a ƙara miyar ganye: zogale, rama, alayyahu, yakuwa, kuka da kuɓewa. A riƙa cin gwanda, gwaba, lemo da kankana a lokacinsu.

Gishiri: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya ci gishirin da ya kai giram 5 a yini. Wannan bai cika cokalin shayi ɗaya ba. Dunƙulen magi da kanwa su ma suna cikin lissafi, don suna ɗauke da irin sinadarin da ke cikin gishiri. Daddawa, citta, tafarnuwa da albasa suna ba miya ɗanɗano.

Sukari: Hukumar ta ba da shawara a shekarar 2015 cewa kada sukarin yini ya wuce kimanin cokalin shayi 12, kuma 6 ya fi. Kwalbar lemo ɗaya tana iya ɗaukar cokali 8 ko 9. A rage sukari a shayi, koko, fura, zoɓo da kunun zaƙi.

Mai: A rage soye-soye irin su fanke da cincin. A auna mai da cokali maimakon a tuttula. A cire kitse daga nama kafin a dafa.

Ƙwayoyin sa ƙiba da ake saye ba tare da izinin likita ba suna da haɗari. Wasu daga cikinsu suna ɗaga sukari da jini.

Motsa jiki

Babba yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Shara, daka, aikin lambu da tafiya da sauri duk suna ciki. Wadda ba ta fita tana iya zagaya tsakar gida da safe da yamma.

An gwada wannan a Amurka da mutum 3,234 waɗanda sukarinsu ya fara hawa, yawancinsu mata. Sakamakon ya fito a shekarar 2002. Waɗanda aka koya wa gyaran abinci da tafiyar minti 150 a mako, kamuwarsu da ciwon suga ta ragu da kashi 58 cikin 100. Nauyin da aka nemi su rage ba shi da yawa. Ga mai kilo 80, kilo 5 zuwa 6 ne kawai.

Zuwa asibiti

Ya kamata macen da ta wuce shekara 40 ta riƙa zuwa ana auna jininta ko da sau ɗaya a shekara, ko da ba ta jin ciwon komai. Yawan ƙishirwa, yawan fitsarin dare, gani dishi-dishi, ko gyambon da ya ƙi warkewa, duk dalilai ne na zuwa asibiti da wuri. Wadda aka ɗora a kan magani kada ta daina don ta ji sauƙi. Mai ciwon suga ta nemi shawarar likita kafin watan azumi.

Maigida yana da nasa aikin. Shi ne mai cefane, shi ne kuma mai ba da kuɗin mota zuwa asibiti. Kuɗin awo bai kai kuɗin jinyar shanyewar jiki ba. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. A tsakanin waɗanne shekaru haila take ɗaukewa ga yawancin mata?
2. A rubuta uku daga cikin alamomi biyar.
3. Yaya ake awon igiya?
4. Gishiri nawa ya kamata babba ya ci a yini?
5. A rubuta sunayen ganye huɗu da ake miya da su.