Amsoshin Tambayoyinku: Ɗana Yana Amurka, Ya Ce A Dawo Da Shi

Tambaya: Ɗana ɗan shekara 16 ya samu shiga shirin musayar ɗalibai, ya tafi jihar Iowa ta Amurka zai yi shekara guda a gidan wasu Turawa. Da farko sai murna da turo hotuna. Yanzu da ya shiga wata na uku kullum ƙorafi, wani lokaci har da kuka, wai a dawo da shi. Wulaƙanta shi ake yi ne, ko mu muka yi kuskuren barinsa ya tafi? Daga wani mahaifi a Funtuwa.

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya mana shi. Abin da kake son sani shi ne me ya sa yaron da ya tafi yana tsalle ya koma kuka, kuma me ya kamata ku yi. Kwantar da hankalinka, akasari wannan ba alamar wulaƙanci ba ce.

Masana sun daɗe da sanin wannan hali. Wani masanin al'adu mai suna Kalervo Oberg ya yi bayaninsa a 1960, ana kiransa ruɗanin al'ada, wato gajiyar da zuciya ke yi idan duk abin da mutum ya saba ya sauya lokaci guda. Ya kasa shi mataki huɗu: ɗoki, sai ƙunci, sai farfaɗowa, sannan sabo. Ba kowa ke bin su a jere ba, amma ga alama ɗanka yana mataki na biyu. Ka san dashen tumatir sai ya yi yaushi kafin ya kama.

Ga lokacin ma bai taimaka ba. Ɗalibai kan sauka a Agusta ana ɗumi. Zuwa Nuwamba sanyi ya kankama, a Disamba kuwa rana kan faɗi a Iowa kafin ƙarfe 5 na yamma. Yaron da ya saba zaman ƙofar gida da abokai bayan Magariba sai ya tsinci kansa a ɗaki, titi ba kowa, ba kiran salla, ba tuwo.

Amma abin da ya fi wahalar da yaranmu, a ganina, shi ne tarbiyyar da muka ba su ta kunya da kawaici, wadda a can ake yi mata wata fassara. A gida yaro ya sunkuyar da kai gaban babba ladabi ne, a can sai a ɗauka yana ɓoye wani abu. A gida a yi maka tayin abinci ka ce ka ƙoshi, a sake yi maka har ka ci. A can idan ka ce ka ƙoshi an yarda, sai a kwashe kwanuka, ka kwana da yunwa kana ganin an yi maka rowa. Namiji ya wanke kwano ko ya fitar da shara ba raini ba ne, alama ce an ɗauke shi ɗan gida. Su kuma masu gidan da suka ga ya yi shiru ya shige ɗaki, sai su zaci ba ya son su, su ja baya don kada su takura masa. Kowa na kyautata wa kowa, amma ba a fahimci juna ba.

Saboda haka maganin shi ne magana. Matambayi ba ya ɓata. Ya gaya musu a sarari cewa ba ya cin naman alade, ya kuma san sunayen da yake zuwa da su, kamar bacon, ham da pepperoni. Ya nuna musu lokutan sallarsa, ya roƙi kada karen gida ya shiga ɗakinsa. Ya sani kuma alƙibla daga can tana arewa maso gabas. A makaranta ya shiga ƙungiyar ƙwallon ƙafa ko ta muhawara, domin a nan ake yin abokai, ba a cikin aji ba.

Wasu na zaton biyan masu gidan ake yi, shi ya sa suke karɓar yara. A'a, dokar Amurka ta ce aikin sa kai ne. Ana binciken tarihin duk wanda ya kai shekara 18 a gidan, dole a ba ɗalibi gadonsa da abinci sau uku, kuma akwai jami'in shirin a yankin wanda wajibi ne ya tuntuɓi yaron kowane wata. Idan shirin YES ne ya kai shi, wanda Majalisar Dokokin Amurka ta kafa a 2002 domin ɗaliban ƙasashe masu yawan Musulmi, ka ga salla da azumi ba baƙon abu ba ne ga masu kula da shi.

Ku ma a gida kuna da naku. A rage kiran kullum. Bambancin lokaci tsakaninku da shi awa 6 ne, da sanyi ya koma 7, kuma yaron da ke kwana a WhatsApp da mutanen Funtuwa jikinsa ne kawai a Iowa. Sau ɗaya a mako ya isa. Idan ya kira, kada mahaifiyarsa ta taya shi kuka, kada kai kuma ka ce masa rago. Ka tambaye shi abin da ya koya da wanda ya yi hira da shi.

Sai dai a bambanta kewa da cutarwa. Idan ana hana shi abinci, ko ana tilasta masa barin addininsa, ko wani yana taɓa shi ta hanyar da ba ta dace ba, ko ya daina ci da barci kwana da kwanaki, wannan ba na haƙuri ba ne. Ya sanar da jami'in nan take, ku ma ku kira ofishin shirin a Najeriya, domin ana sauya wa ɗalibi gida idan ta kama.

In ba haka ba, Malam, ka ba shi lokaci, ka yi masa addu'a, ka ce masa ya buɗe baki ya yi tambaya. Allah ya dawo mana da shi lafiya da ilimi mai amfani.