Daga filin jirgi zuwa Nima

Jirgi ya sauke Rabi da kakarta a Akra, babban birnin Gana. Mai tasi ya yanka musu kuɗi da yawa. Sidin da ke hannun kaka bai kai ba.

Suka taka zuwa bakin titi, suka hau torotoro, wato ƙaramar bas ta haya. A tashar 37, kusa da asibitin soja, suka sauka don su sake mota. Rabi ba ta jin Turanci. Gabanta ya faɗi.

Can sai wani yaron mota ya ɗaga murya:

— Nima, Mamobi! Hajiya, a shigo.

— Kaka, Hausa yake yi!

— Ai mun kusa zango, kishiyata.

Tambayoyi
1. Me ya hana su hawa tasi?
2. Mene ne torotoro?