Amsar Tambaya: Soyayyen Nama da Tattasai

Tambaya: Malam, ni malamar makaranta ce a Gwantu. Nakan dawo gida a gajiye, ga maigida da yara uku suna jiran abincin dare. Wane girkin nama ne mai sauƙi?

Amsa: Malama, Allah ya saka miki da alheri bisa wannan ɗawainiya. Shawarata ita ce soyayyen nama da tattasai, wanda, idan kika nemi tsoka marar jijiya wurin mahauci, kika yanka ta siri-siri, kika cuɗe ta da gishiri da tafarnuwa da ɗanyar citta, wadda Allah ya albarkaci ƙasarku ta kudancin Kaduna da ita, ba zai ɗauke ki fiye da rabin sa'a ba.

Ki bari mai ya yi zafi ƙwarai, ki soya naman kaɗan-kaɗan, domin haƙiƙa idan kasko ya cika sai naman ya fid da ruwa ya yi tauri. Sa'an nan ki zuba albasa da tattasai, da attarugu ɗaya tak saboda yara, ki sauke tun tattasan bai narke ba. Rabin kilo ya wadatar, in an haɗa da acca ko shinkafa.

In babu firji, kada ɗanyen nama ya wuni. Ki saye shi a hanyar dawowa.