Gahawa, Shayi da Lemon Kwalba: Abin da Su Ke Yi Wa Jiki

Jawabin kimiyya na wannan mako a kan abin sha ne, watau gahawa da shayi da lemon kwalba.

A unguwar Ulaya ta birnin Riyad, ƙasar Saudiyya, inda dogayen benayen nan na Mamlaka da Faisaliyya su ke, mutum ba ya yin nisa bai ga gidan shan gahawa ba. Bisa al'adar Larabawa, a kan zuba wa baƙo gahawa ne a ɗan finjali, ba sukari, a haɗa masa da dabino. A gidajen gahawa na zamani kuwa, manyan kofuna a ke cikawa, galibi da madara da sukari. Sunan ɗaya ne, amma aikinsu a jiki ya bambanta.

Abin da ke wartsakar da mai shan gahawa wani sinadari ne mai suna kafeyin, wanda wani Bajamushe, Friedlieb Runge, ya fara tacewa a 1819. Shi ne a cikin shayi, shi ne kuma a cikin goro. Muddin mutum na farke, wani sinadari mai suna adinosin ya kan yi ta taruwa a ƙwaƙwalwa, yana sanar da ita an gaji. Kafeyin sai ya tare masa wurin zama, saƙon ya kasa isa. Ashe gajiyar tana nan, ji ne kurum ba a yi. Jiki kan ɗauki wajen awa 5 kafin ya fitar da rabinsa, saboda haka wanda ya sha da magariba, da sauransa zai kwanta. A 2015 hukumar lafiyar abinci ta Turai ta ce miligiram 400 a yini, watau wajen kofi 4, ba ya cutar da baligi mai lafiya, amma mai juna biyu kada ta wuce 200.

Shayi yana da wani sinadari kuma, tanin, mai kama ƙarfen da ke cikin wake da ganye ya hana hanji tsotsarsa. Da ƙarfen nan jiki ke yin jini. Don haka mai ƙarancin jini ya dakata kamar awa guda bayan cin abinci, sa'an nan ya sha. Har wa yau, a 2016 masu binciken ciwon daji a Liyon ta Faransa suka yi gargaɗi cewa abin shan da zafinsa ya haura digiri 65 mai yiwuwa ne ya jawo ciwon daji a maƙoshi. A bar shi ya huce.

Babban abin tsoro shi ne sukari. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada baligi ya wuce wajen giram 50 a yini. Gwangwanin lemo guda mai mililita 330 kuwa ya kan ƙunshi wajen giram 35. Sukarin da a ka sha ba ya ƙosarwa kamar tuwo, sai mutum ya sha, ya kuma ci abincinsa cif. Ƙarshenta ƙiba, da ruɓewar haƙori, da ciwon sukari. Ganin haka, a 2017 gwamnatin Saudiyya ta aza harajin kashi 50 cikin 100 a kan lemo mai gas, da 100 cikin 100 a kan lemon ƙara kuzari. A 2019 ta faɗaɗa shi zuwa sauran abin sha mai sukari.

To, ko a Riyad inda zafin bazara kan wuce digiri 40, ko a Sakkwato, maganin ƙishirwa ruwa ne mai tsabta. Mai zuwa teburin mai shayi ya ƙidaya cokalin sukarin da a ke zuba masa, mai dama zoɓo da kunu ta rage hannu, gama rigakafi ya fi magani.